Ruwan lagireton Sienna ta 2006 ya koma kalar shayi: zan iya wankewa in canza a gida?

Tambaya: "Sienna gare ni ta 2006, 'yar Kwatano, shekara biyu ke nan da sayenta. Da ta zo ruwan lagiretonta ja-ja ne. Yanzu ya koma kalar shayi, domin duk sanda ya ragu ruwan burtsatse yaron gareji yake ƙara mata. Ba ta obahitin. Ina so in wanke in zuba sabon kulan da kaina a gida. Zai yiwu? Ta ina zan fara?"

Zai yiwu, Malam, kuma na ji daɗi da ka tambaya tun motar ba ta fara tafasa ba. Yawancin Sienna da ake kawo mini gareji kan maganar ruwa, sai geji ya kai ja a kan hanya, an jawo su da igiya, sannan ake tunawa da lagireto. Naka aikin yini ɗaya ne. Ba ya bukatar rami, ba ya bukatar wata na'ura, haƙuri kawai yake ci, musamman can ƙarshe wajen fitar da iska.

Amma akwai wata magana a cikin tambayarka da ta fi kalar shayin damuna: "duk sanda ya ragu". Ina yake zuwa? Hanyar ruwan mota rufaffiya ce. Mota mai lafiya takan yi watanni ruwan da ke cikin robar gefe, wato ƙaramin tankin ajiyar ruwa da ke kusa da lagireto, bai sauka daga tsakanin layuka biyun da ke jikinta ba. In ana yawan ƙara mata, to tana yoyo a wani wuri, kuma in ka zuba kulan mai tsada, wato ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan, ba ka toshe wurin ba, ƙasa za ka shayar. Saboda haka kafin ka sayi komai, ɗauki tocila ka bi motar da safe tana sanyi. Kulan in ya tsiyaye ya bushe yakan bar ɓawo fari ko ruwan hoda, kamar gishiri. Duba inda robar saman lagireto ta haɗu da alminiyam, domin robar nan tana tsufa ta tsage. Duba bakin kowane tiyo. Duba murfin lagireton kansa, in robarsa ta bushe ko ta yage, canza shi da mai lamba irin wadda ke rubuce a kan tsohon. Injinka 3MZ-FE ne, V6 mai lita 3.3, wanda aka sa wa Sienna daga 2004 zuwa 2006, kuma wata-famfonsa, wato famfon da ke zagaya da ruwa cikin inji, yana ɓoye bayan murfin taimin bel, bel ɗin ne ma ke juya shi. In ka ga ɓawon nan yana gangarowa ta ƙasan murfin, wata-famfo ne, kuma wannan ba aikin tsakar gida ba ne, a canza shi tare da bel ɗin a gareji.

Sannan ka leƙa ƙarƙashin motar. A Indiyana ta Amurka aka haɗa ta, domin ƙasar da ake ƙanƙara, shi ya sa take da hita biyu, ta gaba da ta baya. Akwai bututu biyu da suka bi ƙasan motar suna kai ruwan zafi can baya. Motocin da suka zauna a jihohin da ake watsa gishiri a kan titi lokacin hunturu sukan iso mana bututun nan sun ci tsatsa, suna ɗiga a hankali inda ba wanda ke dubawa.

Abu na ƙarshe kafin a fara: buɗe murfin man inji ka duba cikinsa, ka zaro sandar auna mai. In ka ga abu kamar madara da aka dama da garin cakuleti, ko salansa na fitar da farin hayaki mai kauri bayan inji ya yi zafi, ko kumfa na ta tasowa a bakin lagireto ba ƙaƙƙautawa, alama ce tof gasket ta lalace, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Wanki ba zai yi mata komai ba. In duk waɗannan babu, bismillah.

Mutanenmu da yawa sun ɗauka kulan na Turawa ne, mu da ba mu da ƙanƙara ruwa ya ishe mu. Gaskiya ne cewa sinadarin etilin gilaikol da ke cikinsa yana hana daskarewa, kuma wannan ba damuwarmu ba ce. Amma a cikin kulan akwai magungunan da ke hana ƙarfe cin tsatsa, su ne abin da muke saye da kuɗinmu. Bulo, wato gangar jikin inji, da kan injinka alminiyam ne, lagireto alminiyam, ga bututun ƙarfe a tsakani. Ƙarafa daban-daban a cikin ruwan zafi mai gishiri cin juna suke yi. Ƙarfe ya ba da jar tsatsar da kake gani, alminiyam kuma ya riƙa rarakewa yana ƙananan ramuka, wannan ba ka ganinsa sai ranar da aka buɗe inji. Ruwan burtsatse ya ƙara da nasa: ka duba cikin butar da ake dafa ruwa a gidanka, farin dutsen nan da ya manne a gindinta, shi ne ke taruwa a cikin siraran bututun lagireto har ya toshe su. Na sha yanka tsohon lagireto in nuna wa mai mota, layukan ƙasa sun cushe tam kamar an zuba siminti. Ga kuma maganar tafasa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. Haɗin rabi da rabi sai wajen 107, in kuma murfi na riƙe da matsi yadda ya kamata sai ya haura 120. A zafin Afrilu, rana ta wuce digiri 40, mota cike da mutane da kaya, esi a kunne, ga cunkoso, wannan ratar ita ce ke tsakaninka da tsayawa a bakin titi.

Yanzu abin da za ka saya. Wanda kamfanin ya zuba mata tun asali shi ne Toyota Super Long Life Coolant, mai ruwan hoda. Yana zuwa a haɗe, ba a ƙara masa ruwa. Na farko yakan kai kilomita 160,000 ko shekara 10, bayan nan kowace kilomita 80,000 ko shekara 5. Akwai kuma tsohon nasu ja, Toyota Long Life Coolant, wanda ake samu mai kauri kai ne za ka surka, shi kuma kowace shekara 2 ake canza shi. In ba ka sami na Toyota ba, karanta bayan galan: littafin motar ya ce a nemi na etilin gilaikol wanda babu silikat, babu amin, babu naitirait, babu borat a cikinsa, galibi za ka ga an rubuta cewa na motocin Asiya ne. Kada launi ya ruɗe ka, rini ne kawai. A kasuwa akwai ruwa zalla da aka zuba wa kala ana sayarwa da sunan kulan, ni kaina an taɓa sayar mini da katan guda. Gwajinsa ba wuya: ɗiba kaɗan a ƙaramar roba, toshe ta sosai, ƙulle a leda, sa a firiza nesa da abinci ya kwana, kai kuma ka cire abinka da hannunka. Na gaskiya mai haɗin rabi da rabi sai sanyi ya kai wajen digiri 35 ƙasa da sifili yake daskarewa, firizar gida ba ta kai nan. In ka tarar da ƙanƙara, mayar wa mai shago kayansa.

Sai tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir. Ka tabbata ruwan ne, ba asid ba, domin sau da yawa a shago ɗaya ake sayar da su. Fiya wata na sha ne, akwai gishiri a cikinsa, ba shi nake nufi ba. Motar tana ɗaukar sama da lita 11 saboda hitar baya, don haka tanadi kamar lita 20 na wanki. Ka nemo faffaɗan baho, mazurari, filaya, sifana lamba 10, ɗan siririn tiyo, tsummoki, da jarkoki masu murfi na zuba tsohon ruwa.

Ka fara da safe, motar ta kwana ba a tayar ba. Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Akwai wani yaro da ya yi koyon aiki a wajena, har yau tabon yana nan daga wuyan hannunsa zuwa gwiwar hannu, daƙiƙa ɗaya ce ta jawo. Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ja birkin hannu. In za ka ɗaga gaba, kada ka shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita, sai ka tokare da abin da ba zai goce ba.

Buɗe murfin lagireto. A ƙasan lagireton, ta ɓangaren inji, akwai ɗan famfon roba mai kunnuwa biyu. Da yatsu ake murɗa shi, zagaye biyu ko uku ya isa, ba sai ka zare shi gaba ɗaya ba. Robar ta shekara kusan ashirin tana shan zafi, in ka kama ta da filaya ka yi ƙarfi za ta karye a ciki, aikin yini ya zama na sayen lagireto. In ya ƙi, bar shi, ka sassauta kilif ɗin babban tiyon ƙasa ka zare tiyon a hankali, sai dai ruwan zai kwararo gaba ɗaya, ka gyara baho. A nan ka lura: akwai ƙananan tiyo biyu a ƙasan lagireton, waɗannan man giya ne ke bi ta cikinsu yana hucewa. Kada ka taɓa su.

Tunda a gida za ka yi, ka saurare ni a kan wannan. Kulan guba ne, kuma zaƙi gare shi. Yaro zai iya sha, kyanwa da akuya da kaji za su lasa in ya kwanta a ƙasa. Kaɗan ya isa ya kashe ƙoda, kuma da farko wanda ya sha kamar mai maye kawai yake yi, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku ƙodar ta tsaya. In yaro ya sha, asibiti nan take, a tafi da galan ɗin, kada a jira a ga alama. Kada ka bar baho a buɗe ka shiga sallah ko cin abinci. Kada ka zuba shi a gorar lemo. Juye a jarka, rufe, rubuta a jiki, ka kai gareji inda ake tara baƙin mai. Ban da kwata, ban da kusa da rijiya. Wanda ya zube a ƙasa a rufe shi da yashi a kwashe.

Abin da zai fito ta lagireto bai fi rabin ruwan ba, wani lokacin ma bai kai ba. Sauran yana cikin bulo da hitoci da dogayen bututun nan. A jikin bulon akwai ƙananan famfuna biyu na zubar da ruwa, ɗaya a sahun silinda na gaba, ɗaya a na baya, kowanne da ɗan bakin da za ka soka siririn tiyo ka kwance da lamba 10. Na gaba yana da sauƙin kaiwa. Na baya yana can ta wajen bango, sai ta ƙasa, kuma in ka ga ya ci tsatsa ya ƙi motsi, ka ƙyale shi. Ba dole ba ne, za mu biyo ta wata hanya. Cire robar gefe ma ka wanke lakar da ta kwanta a gindinta, in ba haka ba duk sanda inji ya huce sai ya tsotso ta ya mayar ciki.

Wankin kansa maimaici ne. Rufe famfuna, cika da tataccen ruwa, tayar da inji, sa hita ta gaba da ta baya a ƙarshen zafi, bar shi har babban tiyon sama ya yi zafi, alamar tamostat, wato 'yar ƙofar da ke tare ruwa har sai inji ya yi zafi, ya buɗe ruwa yana zagayawa ko'ina. Ba shi kamar minti goma a haka, kashe, jira ya huce har ka iya riƙe tiyon da hannu ba ka ji komai ba, sannan ka zubar. Jiran nan yakan ci awa guda, kuma kada ka gajarta shi ta hanyar zuba ruwan sanyi a inji mai zafi, alminiyam yana iya lanƙwasa. In kowane zagaye rabi ke fita, bayan na farko saura rabin dattin, na biyu kwata, na uku kashi ɗaya cikin takwas, na huɗu ɗaya cikin sha shida. Ruwa mai kalar shayi yakan bukaci uku ko huɗu. Ka riƙa ɗiban kowane zagaye a farar roba kana jerawa a rana, da idonka za ka ga yana washewa.

Za a ce maka ka zuba omo. Kada ka yarda. Kumfarsa ba ta fita da sauƙi, ga shi yana cin alminiyam. Maganin wankin lagireto na kanti ma ina taka-tsantsan da shi a tsohuwar mota, domin wani lokacin dattin da zai kankare shi ne ke toshe wani ɗan rami, ka gama wanki hitar cikin dashbod ta fara jiƙa kafet. Motarka ba ta zafi, ruwa kaɗai ya wadatar.

Ga inda mutane da yawa ke yin asara ba su sani ba. Bayan zagayen ƙarshe, kusan rabin abin da ke cikin motar ruwa ne zalla da ya ƙi fita. In ka cika da kulan da ya zo a haɗe rabi da rabi, abin da za ka samu a ƙarshe kusan kashi 25 cikin 100 ne, maganin tsatsar ya tsinke. Mafita biyu ce. Ko dai ka yi amfani da mai kauri: ka auna rabin abin da motar ke ɗauka, wato wajen lita 6, ka fara zuba shi, in da sauran wuri ka cike da tataccen ruwa, su haɗu a ciki. Ko kuma, in mai ruwan hodan kake so, ka buɗe famfunan bulo ka rage ruwan iya yadda za ka iya, ka cika, ka yi sati kana hawa, ka sake zubar da na lagireto ka sake cikawa. Ta biyun ta fi cin kuɗi, amma ita nake bi a motar da mai ita ke da niyyar riƙe ta shekaru. Kada kuma ka ce bari in zuba mai kaurin zalla don ya fi ƙarfi. Ruwa ya fi gilaikol ɗaukar zafi, in kaurin ya wuce kashi 70 sanyayawar raguwa take yi.

Sai fitar da iska, wanda shi ne ainihin aikin. Iska in ta maƙale a kan inji, wurin ba ya samun ruwa, yana iya ƙonewa alhali geji bai nuna komai ba. Sienna kuma ta fi ƙananan motoci riƙe iska saboda hitar baya. Juya motar gabanta ya fi bayanta tudu, ko ka hau da tayoyin gaba kan katako mai kauri, domin bakin zubawa ya zama shi ne sama da komai. Soka mazurari ya zauna daram a bakin, in da rata naɗe shi da tef. Zuba a hankali, siriri kamar mai zuba man gyaɗa a kwalba, kana matsa babban tiyon sama da na ƙasa da hannu. Za ka ji ƙul-ƙul, kumfa na fitowa. In ya cika, bar kulan ya tsaya kamar kashi ɗaya cikin uku na mazurarin, cika robar gefe zuwa layin sama, sannan ka tayar da inji, esi a kashe, hitoci biyu a ƙarshen zafi, iskarsu a lamba ɗaya.

Daga nan zama za ka yi ka zuba ido. Minti goma ko sha biyar na farko ba abin da zai faru sai 'yan kumfa. Da zafi ya kai wajen digiri 82 tamostat zai buɗe, sai ka ga ruwan mazurarin ya faɗa ƙasa lokaci guda. Ƙara nan take, kada ka bari ya shanye har ya ja iska. Sa wani ya riƙa taka totur har allurar juyin inji ta kai 2,000 ko 2,500 na ɗan lokaci yana saki. Hannunka da hannun rigarka su yi nesa da fanka, ta lantarki ce, ba ta sallama take tashi. Jira ta tashi ta tsaya sau biyu. Sannan ka shiga ka sa hannu a bakin hitar gaba, ka koma kujerar baya ka taɓa ta can. Dukansu su ba da iska mai zafi sosai. In ta baya ɗumi-ɗumi take, ko kana jin ƙarar ruwa na gudu a cikin dashbod in an taka totur, da sauran iska, a ci gaba. Idonka ɗaya na kan geji, in ya wuce tsakiya kashe inji ka bar shi ya huce.

In ka ga tun farko tiyon sama yana ɗumama tare da inji, geji kuma ya daɗe bai kai tsakiya ba, wataƙila an cire tamostat, kamar yadda ake yi wa motoci da yawa da sun shigo ƙasar nan, a kuma haɗa fanka kai tsaye. Ina roƙonka ka mayar. Injin da ba ya kai zafinsa kwamfutarsa tana ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta riƙa ƙara fetur, mai ya wanke jikin silinda, inji ya tsufa da wuri. Kuma tamostat ɗin injin nan in ya buɗe yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji. In babu shi, wani kason ruwan zafin zagayawa kawai yake yi bai ga lagireto ba. Wajen ɗaurawa, ɗan ƙaramin ƙarfen nan mai kaɗawa da ke bakinsa ya kalli sama, ta nan iska ke wucewa.

In kumfa ta ɗauke, kashe inji, bar shi ya huce, cire mazurari, rufe murfi har ya kai maƙura. Wanke inda kulan ya zuba da ruwa, ka bi famfunan da ka taɓa da busasshen tsumma ka ga ko suna jiƙewa. Tunda kana wurin, fesa ruwa marar ƙarfi a fuskar lagireto da ta kwandensar esi da ke gabansa, ƙurar hunturu da ƙwari suna toshe su.

Yi 'yar tafiya ta kusa, kada ka ɗauki hanyar wani gari a ranar. Washegari da safe kafin ka tayar, buɗe murfin lagireto: ruwa ya kasance har wuya, robar gefe kuma tsakanin layuka biyu. Za ka tarar ya ɗan sauka, ragowar iska ce ta fita, ƙara da kulan ɗin da ka rage. Yi haka safiya uku a jere. In a ta huɗu yana nan inda ka bar shi, aiki ya yi. In yana ci gaba da sauka, koma kan neman yoyon nan da muka fara da shi. Rubuta kwanan wata da lambar kilomita da irin kulan ɗin a jikin tef ka manna a ƙarƙashin bonet, ka ajiye lita ɗaya a but a rufe sosai, ka kuma gaya wa yaron gareji cewa daga yau in za a ƙara wa motar nan wani abu, daga wannan robar za a ƙara.